Kokon Iya

Jinin da na shafe shekara ashirin ina zubarwa a fim, zoɓo ne, wanda a nan Kumasi ake ce wa sobolo. A dafa shi ya yi kauri, a dama ɗan kullun rogo a zuba, in ana son ya yi kamar wanda ya kwana sai a ƙara ƙonannen sukari. Da rana ƙuda ya dame mu, da dare tururuwa. Duk wanda ya ji cewa fim ɗin ban tsoro nake yi, tambayar da yake fara yi mini ita ce da me nake haɗa jinin, shi ya sa na sallame ta tun daga farko. Abin da ya sa na zauna rubutun nan daban ne, kuma na daɗe ina kewaye shi.

An haife ni a unguwar Aboabo da ke Kumasi a 1974. Babana fataken goro ne, kamar kakana, irin mutanen da hanyar Gwanja ta kawo har suka yi gida a ƙasar Tonawa, wato Ashanti. Ina ɗan shekara tara aka yi yunwar 1983, ga fari, ga gobarar daji, ga 'yan Gana da aka koro daga Najeriya sun cika gari. Dokar hana fita da dare da aka sa bayan juyin mulkin Rawlings ta karya gidajen silima, don kafin a gama fim lokacin shiga gida ya yi. Da aka ɗage dokar, sai gidajen bidiyo suka ɓullo a lunguna: ɗaki ɗaya ko rumfar kwano, benci shida ko bakwai, talabijin a kan tebur, janareto a bayan ɗaki yana ta hayaƙi.

A irin wannan gida na fara aiki, ba da sanin Baba ba. In an tashi daga makarantar allo, ni ne mai zagaya unguwa da ƙararrawa, wani yaro na riƙe da fosta. Fostocin zamanin ba na inji ba ne. Buhun fulawa ake farkewa, a haɗa biyu a ɗinke, mai fenti ya zana da hannu. Sau da yawa mai zanen bai ma ga fim ɗin ba, labari kawai aka ba shi, sai ya ƙara kawuna uku a kan maciji, ya sa wa jarumi gatari alhali babu gatari ko ɗaya a cikin kaset. Ba wanda ya taɓa cewa a mayar masa da kuɗinsa. Yanzu na ji Turawa na sayen waɗannan buhuna suna rataye su a ɗakunan nuni, mu kuwa da su muke toshe yoyo da damina.

Ladana shi ne kallo kyauta. Mutanen zango Indiya suka fi so, sai faɗan 'yan Sin. Ni kuwa ranar da aka sa na fatalwa ba talabijin nake kallo ba, bayana nake juyawa ina kallon mutane: yadda ƙato mai gemu zai ɗage ƙafarsa daga ƙasa, yadda wata za ta rufe ido da mayafi amma ta bar 'yar kafa. A 1987 William Akuffo ya yi Zinabu da kyamarar bidiyo ta gida, labarin wata mace mai dukiya wadda ashe mayya ce. Da kaset ɗin ya iso mana, abu biyu suka tsaya mini. Na farko, ashe ɗan Gana zai iya yin fim ba tare da kayan gwamnati ba. Na biyu, wasu dattawanmu sun ji haushi, suna cewa duk sunayen ƙasar nan sai namu aka ga damar ba mayya. Na ji maganar, ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Ban yi boko mai nisa ba, don haka makarantar koyon fim ta NAFTI da ke Ankara, wato Akra, ko ƙofarta ban taɓa nufa ba. Baba ya kai ni koyon gyaran rediyo da talabijin a Alabar. Masta yana da kyamarar Panasonic, irin mai nauyin nan da ake ɗora wa kafaɗa, yana ɗaukar biki da suna da mauludi, har da jana'izar Tonawa ranar Asabar, wadda ta fi komai kawo kuɗi. Shekara bakwai ina ja masa waya da riƙe fitila kafin ya yarda in leƙa ido a ciki. Ranar da na gaya wa Baba abin da nake nufin yi da ita, yana zaune yana tsintar goro a kan ganye. Bai ɗago ba ya ce, "Duk karatun da na saka ka, ƙarshensa ka je ka riƙa ƙera aljanu?" Na ce, "Baba, wasa ne, faɗakarwa ce." Ya ce, "Kowa ya ce wasa yake, ka tambayi wanda aka yi wasan da shi." Ya ci gaba da tsintar goronsa.

Fina-finaina biyu na farko asara ce tsagwaronta. Na kwaikwayi abin da na gani a na Amurka: na sa a ɗinka wa wani dogon yaro fuskar roba, na samo hanjin akuya wurin mahauta, na turnuƙe ɗaki da hayaƙin maganin sauro har mai riƙe fitila ya kusa suma. In ana son mutum ya ɓace, sai a tsayar da kyamara, ya fita, a ci gaba. Ƙarar karyewar ƙashi kuwa rake nake karyawa a bakin makirufo. Kaburbura a gonar rogon wani abokina muka tona su wajen Ejisu, don ni dai ban yarda in shiga maƙabartar Tafo da kyamara ba, iyayenmu ne kwance a wurin. Da injin bidiyo biyu muke haɗa hoto, ɗaya na juyawa ɗaya na ɗauka, in ka yi kuskure sai ka koma baya, kuma kowane kwafi sai hoton ya ƙara dusashewa. Da na nuna na biyun a unguwa, dodo na fitowa sai ɗaki ya ɓarke da dariya. Wani yaro ya ce, "Ai wane ne, ga silifas ɗinsa nan."

Innata ce ta warware mini matsalar ba tare da ta sani ba. Wata rana ƙanwata ta dawo daga makaranta tana cin gyaɗa, Inna ta tambaye ta wa ya ba ta, ta ce wata tsohuwa a hanya. Yadda fuskar Inna ta canza, yadda ta fizge gyaɗar ta watsar tana tofa addu'a, nan na ga abin da na kasa samu da fuskar roba. Mutumin zango ba ya tsoron abin da ya zo daga wata duniya. Abin da ke kaɗa masa hanta shi ne hannun da ya sani, wanda yake karɓar abinci daga gare shi kullum. Duk abin da ake faɗa a kan maita tun ina yaro ya dawo mini: cewa a nono ake shan ta ko a saye ta, cewa maye na da ƙanƙara a cikinsa masu launi-launi, cewa in ya kama kurwar yaro sai ya ɓoye ta, yaron ya yi ta ramewa, kuma ba ya tashi sai an tilasta wa mayen ya tsallake shi. Tonawa ma suna da nasu, bayifo suke cewa, don haka na san fim ɗin zai ci kasuwa biyu in na gauraya Hausa da Tuwi. A dare uku na rubuta labarin a littafin makaranta.

Saura mayya. Ba ni da kuɗin kwalliyar da za ta mayar da yarinya tsohuwa, ga shi kuma a bakin layinmu akwai Iya mai koko. Tun ina riƙe da allo nake shan kokonta. 'Yar arewa ce, daga wajen Salaga aure ya kawo ta, mijin ya rasu, 'ya'ya uku da ta haifa ba wanda ya rayu. Ɗaki ɗaya take haya. Mace ce mai barkwanci, haƙoranta na gaba sun zube, in ta yi dariya har layi na biyu ana ji. Yaron da ba shi da kuɗi ba ya wucewa da yunwa a gabanta.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, so nake in saka ki a fim."

Ta ce, "Ni? Da wannan bakin nawa? Amarya zan fito, ɗan nan?"

Na ce, "Mayya za ki fito."

Ta dafe ƙirji ta ce, "Kurwata kur!" Sai ta tuntsire da dariya har ludayi ya faɗi. Da ta nutsu ta ce, "To nawa za ka ba ni?"

Sidi dubu 300 na tsohon kuɗi na ba ta, da turmin atamfa. A 2004 ne. Fim ɗin gaba ɗaya miliyan 18 ya ci, kuɗin adashin matata da bashin Masta. In aka mayar da shi kuɗin da aka canza a 2007, lokacin da sidi dubu 10 ya koma sidi ɗaya, 1,800 ke nan, nata kason kuwa sidi 30.

Kwana tara muka yi muna ɗauka, kuma ban taɓa aiki da mai baiwa irin tata ba. Ba ta karatu, sai in gaya mata abin da ake so, ta ce in matsa in ba ta wuri. Akwai inda take miƙa wa yaro koko, ta riƙe ƙoƙon ba ta saki ba na ɗan lokaci, tana kallon tsakar kansa tana murmushi. Ba ni na koya mata ba. Mai riƙe fitila ya ce tsigar jikinsa ta tashi. Ƙanƙarar maita kuwa alewa ce mai launi na saya a kasuwar Kejetia, ta cika baki da ita ta amayar a tafin hannu, ana cewa an gama ta tsince ta raba wa yaran da suka taru kallo, suna ta wawa.

Ga inda laifina yake. Ban gina rumfa ba, ban canza mata kaya ba, ban kai ta wata unguwa ba. A teburinta na ɗauka, da tukunyarta, da ludayinta, da zanen da kowa ya san ta da shi, a bakin layin da kowa ke bi. A fim ɗin ma Iya ake kiranta. Na yi haka ne don in rage kuɗin mota da na haya, kuma a lokacin har yabon kaina nake, ina cewa dabara ce.

Fim ya fita a faifan VCD, ya karɓu fiye da yadda na yi mafarki. Wani dillali ya saye shi dungurungum, ya ɗora lasifika a kan mota ana zagaya Adum da Asafo da Bantama, yara na bin mota da faifai a hannu. Ya kai shi Opera Square a Ankara, daga can ya shiga Nima da Madina, har Tamale. Na biya bashi, na sayi kyamarar kaina. Fuskar Iya ce a kan fosta, an ƙara mata jan ido da kwamfuta. Mako biyun farko har cinikinta ƙaruwa ya yi, mutane na zuwa ganin 'yar fim.

Daga nan sai abin ya fara juyawa, a hankali yadda ba za ka ce ga ranar da ya fara ba. Yara suka fara yi mata waƙa suna gudu. Wata uwa ta hana ɗanta sayen kokon, wai ba don komai ba, don dai hankalinta ya kwanta. Wata ta bi. Aka fara tuna cewa 'ya'yanta uku duk sun mutu, aka tuna mijin ma. Abubuwan da shekara talatin ake tausaya mata a kansu, su ne suka koma hujja. In na wuce da safe sai in ga tukunya cike har rana ta take. Nakan sayi na mutum biyar in kai shago, in ce wa kaina zai wuce.

Da damina ta kama, ɗan maƙwabtanta ya kwanta da zazzaɓi mai zafi har yana sanƙarewa. A cikin magagin ciwo aka ce ya ambaci Iya. Yaron da ya kalli fim ɗin nan ya fi sau goma, wa zai ambata? Ina shago aka zo aka gaya mini. Kafin in iso tsakar gidan ya cika, an fito da ita ba ko mayafi, an shimfiɗe yaron a tabarma, ana ce mata ta tsallake shi. Na kutsa na ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah, fim ne fa, ni na rubuta, alewa ce!" Wani mutum da nake ganin girmansa ya juyo ya ce, "Mun san fim ne. Amma duk tsofaffin Aboabo me ya sa ita ka zaɓa? Ai ka ga wani abu ne." Wata daga baya ta ce, "Irin wannan kallon ba koyonsa ake ba."

Na rasa amsa. Gaskiyar ita ce na zaɓe ta don ba ta da tsada, kuma ba ta da ɗa namiji da zai zo ya tsare ni da tambaya. Wannan ba magana ce da zan iya faɗa a gaban mutane ba, sai na yi shiru.

Iya ta dube ni sau ɗaya, sannan ta tattare zanenta ta tsallake yaron, sau uku kamar yadda suka ce. Da ta ƙi, Allah kaɗai ya san abin da za a yi mata. Da ta yi kuwa, ta amsa laifi ke nan a idonsu. Limamin unguwa ya iso ya kori mutane, ya yi faɗa sosai, ya sa aka ɗauki yaron zuwa asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi masa ƙarin ruwa da allurai, bayan kwana huɗu ya tashi. Unguwa ta ce ka gani, tana tsallake shi ta sake shi. Da ya mutu, da an ce ta riga ta cinye.

Ba ta ƙara fitar da tukunya ba. Na je ɗakinta sau biyu da kuɗi a hannu, ta amsa gaisuwata daga ciki, ba ta ɗaga labule ba. Kafin azumi mai gidan ya ce yana son ɗakinsa. Wata asuba ta hau mota ta tafi.

Da a ce nan na tsaya, da da sauƙi. Dillalin nan ya matsa sai an yi kashi na biyu, ya ajiye kuɗi a gabana. Ina da ragowar hotunanta da ban yi amfani da su ba, wajen minti ashirin. Na haɗa su da wata da na rufe wa fuska, na fitar da kashi na biyu wata biyar bayan tafiyarta. Da kuɗin na sayi filin da gidana yake a kai yanzu.

Sauran shekarun ba su da wani dogon labari. Na yi fina-finai goma sha huɗu. Wajen 2009 aka shiga yayin fina-finan sakawa, samari masu damfara ta intanet da ake cewa suna kwana a akwatin gawa don su yi kuɗi. Kalmar ma tamu ce, Hausa ce. A yawancinsu mugun da ke ba da asiri malam ne mai rawani da tasbaha, a ƙarshe fasto ya zo ya yi nasara a kansa. Abin ya riƙa ƙona mini rai, har na taɓa tashi a taron masu shirya fim na ce ana ɓata mana suna, yaranmu na jin kunyar rawanin iyayensu. Aka tafa mini. Ina komawa kujera Iya ta faɗo mini a rai, na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ban sake saka tsohuwa a matsayin mayya ba, amma ban gaya wa kowa dalili ba, cewa nake yayin ya wuce. Daga baya kasuwar ma ta mutu: masu satar fasaha, ga dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, da ta kai maƙura a 2015, mutum ba ya sayen faifan da ba wutar kallonsa, ga wasannin Indiya da aka juya zuwa Tuwi suna tafiya kyauta a talabijin kowane dare. Na koma inda na faro, ɗaukar biki da suna, ina ɗan yin gajeru da waya ina sakawa a YouTube.

A watan Yulin 2020 ɗana ya miƙo mini waya ya ce in ga abin da ya faru a Kafaba, kusa da Salaga. Tsohuwa 'yar shekara 90 aka zarga da maita, aka yi ta dukanta a bainar jama'a har ta rasu, mutane na tsaye suna kallo, wani na ɗauka. Ban iya kai ƙarshensa ba. Ni da na san yadda ake haɗa jini da zoɓo, na fita bayan gida na yi amai. Na san da sansanonin da ake tara irin waɗannan mata a Gambaga da Kukuo, kowa a ƙasar nan ya sani, amma kullum ina ɗaukarsu abin can arewa, abin ƙauye. A 2023 majalisa ta zartar da dokar hukunta mai zargin wani da maita, shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba. Ni dai ban jira doka ba, jin sunan Salaga ya isa ya hana ni barci.

Bayan Babbar Sallah ta 2020 na kama hanya, hanyar da Baba ya bi da goro shekara da shekaru ban taɓa bin ta ba: Ejura, Atebubu, Yeji, na hau jirgin fito na tsallake tafkin Bolta zuwa Makango, sannan Salaga. Kwana biyu ina tambaya kafin wani tsohon mahauci ya gane wadda nake nufi, ya haɗa ni da yaro a babur zuwa ƙauyensu. Matar ɗan wanta na tarar tana shanyar rogo. Ta ce Iya ta rasu tun 2011, ciwon ƙafa ne ya kwantar da ita, a ɗakin nan na kusa da rumbu. Ba wanda ya taɓa ta a nan. Lokacin ba su da lantarki, faifan bai iso ba, ita kuma ba ta taɓa faɗin abin da ya dawo da ita ba, cewa ta yi Kumasi ta ishe ta.

Ta tambaye ni ko ni wane ne. Na ce ɗan unguwarsu ne, na sha kokonta tun ina yaro.

Matar ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Koko? Baba, ko dai ba ita kake nufi ba? Shekara shida muna tare, ko da azumi ban taɓa ganin ta dama koko ba. In mun dama ma ba ta miƙa wa yaro da hannunta, sai dai ta ajiye a ƙasa ta ce ya ɗauka."